Mai gyaran wayar da ya ƙi yi wa wayar Baba fulashin

Tun da muka gyara wayar Baba mutane ke tambayata wa ya yi mana aikin, ni kuma ina ta kwatance ɗaya bayan ɗaya har bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya, abin da na yaba da abin da ya ɓata mini rai, domin mai irin buƙatarmu ya san abin da zai tarar. Ba zan kama sunan shagon ba, mai shi ma bai san ina wannan rubutu ba. Yana cikin layin masu waya na Wunti a nan Bauchi, ɗan ƙaramin shago ne da mutum uku ke cika shi, da benci ɗaya a waje da kowa ke rububi.

Sai na faɗi yadda wayar ta zo hannunmu, in ba haka ba ba za a gane dalilin da ya sa na kashe naira 38,000 a kan tsohuwar Tecno da ko kyauta aka ba ƙanena ba zai karɓa ba.

Baba ya rasu a Mina ranar Litinin 17 ga Yuni, 2024, washegarin Babbar Sallah. Shekarar zafin nan ce da ma'auni ya kai 51.8 a Makka, daga baya hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 suka rasu a aikin Hajjin. Mu muna tsakar gida ana suyar nama, hannuna duk mai, sai ga Yaya ya shigo ko sallama babu, ya tsaya a bakin ɗakin Inna ya kasa ɗaga labule. Kafin la'asar gida ya cika. Naman da muka soya domin sallah shi aka riƙa zuba wa masu ta'aziyya.

Abin da ban taɓa zato ba shi ne irin gaisuwar da aka yi mana. Mutum zai shigo, ya ce "Ya haƙuri?", kafin ki amsa ya ɗora da "Kai, Alhaji ya dace! Ina ma ni ne." Wata ta ce mutuwar da ake roƙo ce a sujada. Wata ta ce ai barka ya kamata a yi mana. Na san ba ƙarya suke yi ba, ni ma ina yi masa kyakkyawan zato, an yi masa salla a Harami cikin dubban mutanen da ko a mafarki ba za mu tara masa a Bauchi ba. Amma wadda ake yi wa barka da wane baki za ta yi kuka? Ranar uku na ɗan saki murya a bayan ɗaki, Goggo ta biyo ni ta ce, "Ke, kukan me? Butulci za ki yi wa Ubangiji?" Na haɗiye. Haka na yi ta haɗiyewa wata huɗu.

Kuma babu gawa. Ba a yi wanka a gidanmu ba, ba a shigo da makara ba, ban leƙa ta taga na ga an fita da shi ba, maza ba su dawo daga maƙabarta da ƙura a ƙafa suna cewa an kai shi ba. An dai ce mana an binne shi a Makka, inda ba a rubuta suna a kan kabari. Yaya ya so a yi masa sallar ga'ib ko zuciya ta ɗan samu abin riƙewa, abokansa suka kawo hujja da sallar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Najjashi. Kawu ya ce mu Malikiyya ba mu saba da ita ba, balle ga wanda an riga an sallace shi. Aka yi ta ja a zaure har aka bar maganar. Da jirage suka fara dawo da alhazai, duk motar da ta yi hon a layinmu sai in ga Inna ta gyara zama. Ta sani sarai. Jikinta ne bai sani ba.

Wani dattijo da suka zauna ɗaki ɗaya shi ya kawo mana wayar da hannunsa, a naɗe cikin hankici. Ya ce a hanyar jifa ta faɗi aka tattaka ta. Sikirin ya farfashe kamar gizo ya yi saƙa, ba ta kawo wuta. Inna ta karɓa ta tura ƙarƙashin filo, ta ce babu mai taɓa ta sai ta fita takaba. Wata huɗu da kwana goma. Babu wanda ya iya yi mata musu.

Ga shi kuwa muna bukatar wayar. Baba ɗan kasuwar hatsi ne a Muda Lawal, kuma bai yarda da rubutun boko ba. Lissafinsa rabi a ɗan littafi da ajami, rabi a saƙon murya na WhatsApp: wane ya ɗauki buhu kaza, wane ya kawo kaza saura kaza. Tun kafin a share makoki mutum uku suka zo suka ce suna binsa bashi, babu mai takarda a cikinsu. Kowa ya san ba a raba gado sai an biya bashi, haka Suratun Nisa'i ta tsara, kuma babu ɗan da zai so a ce ran mahaifinsa na rataye saboda kuɗin masara. To amma nawa za a biya, a kan maganar wa? Kana cikin jimami ana tsare ka da lissafi, in ka tambayi hujja a ce ka fi son dukiya da kwanciyar ubanka.

Ni kuma ina da tawa buƙatar da ban faɗa wa kowa ba. A watan Maris na shekarar aka ce maniyyata su ƙaro kusan naira miliyan 1.9 a kan kuɗin kujera. Baba ya sayar da gonarsa ta hanyar Dass ya cika. Raina ya ɓaci, na tura masa saƙon murya mai tsawo, na ce ya bari sai baɗi, na ce Allah bai ɗora wa wanda ba shi da hali ba, na faɗi wasu maganganun da 'ya ba ta faɗa wa uba. Bai amsa ba. Ranar tafiya na je na durƙusa, ya ce "Allah ya yi albarka" kamar yadda ya ce wa kowa. Da ya isa can yana kiran Inna da Yaya, ni na ce sai bayan Arfa zan kira shi, lokacin hankalinsa ya kwanta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, "Uwata" yake ce mini. Ina so in ga ko ya bar wa Uwata wani abu a cikin wayar nan.

Ƙarshen Oktoba Inna ta fita takaba ta miƙo mini ita. Shago biyu na fara shiga. Na farko ya juya ta ya ce ba ta da amfani, in kawo ya saya a matsayin kayan gyara. Na biyu ya ce a sa sikirin, in an tarar da kulle a yi mata fulashin, minti talatin an gama. Saura kaɗan in yarda, don ban san ma'anar kalmar ba. Wata mata da ke jiran cajarta a gefe ita ta taɓa ni ta ce, "Baiwar Allah, fulashin fa wanke waya ne tas, ko hoto ɗaya ba zai rage ba." Ita ta nuna mini shago na uku. Allah ya saka mata, ko fuskarta ba zan iya tunawa ba.

Abin da ya fara burge ni da mutumin shi ne bai karɓi wayar nan take ba. Ya ce, "Hajiya, wayar wace ce?" Na ce ta mahaifina ce, ya rasu. Ya ce Allah ya jiƙansa, amma ya yi mini bayani cewa kullum ana kawo musu wayar sata da irin wannan labari, yana son ganin kwali ko wata shaida. A lokacin na ji haushi, har na ce masa na yi kama da ɓarauniya? Bai ɗaga murya ba, ya ce ba ni ya zarga ba, ƙa'idarsa ce. Na koma gida na tono kwalin a saman sif ɗin Baba, ya gwada lambar da ke jikin kwalin da ta wayar, sannan ya sa hannu. Yanzu da na yi tunani, da wayata ce ta ɓace, irin wannan mai taurin kan zan so ta faɗa hannunsa.

Ya buɗe ta a gabana. Batir ya kumbura saboda daɗewa babu caji, ya ce sai an canja. Kafin ya haɗa komai sai ya zare layin ya naɗe a takarda ya ba ni, ya ce kada wanda ya mayar da shi, kada kuma a haɗa wayar da intanet ta kowace hanya sai an kwashe abin da ke ciki. Dalilinsa shi ne WhatsApp kan rufe asusun da ya yi kwana 120 bai hau ba, mu kuwa mun haura 130. Muddin wayar ba ta ga intanet ba, hirarrakin suna nan yadda mai ita ya bar su. Tana hawa za ta iya fitar da mu ta nemi lambar sirri ta layin da wataƙila an riga an rufe. Babu wanda ya taɓa gaya mini wannan. Kwanakin takaba da kwanakin kamfanin waya ba su san da juna ba, mu ne a tsakiya.

Da ya jona sikirin na gwaji wayar ta kawo haske, sai ga kulle na zane, ɗigo tara. Na miƙa yatsa zan gwada, ya janye wayar. Ya ce kowane kuskure yana ƙara tsawon jira, kuma shi ba zai yi mini ƙarya ba, irin waɗannan wayoyin in ba a san zanen ba babu wata dabarar da ya sani da za ta buɗe su ba tare da an goge komai ba, duk wanda ya ce mini yana da ita in yi hattara da shi. Ya ce, "Akwai ƙananan yara a gidan? Ki tambaye su. Jikoki sun fi matan gida sanin wayar tsoho." Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Da yamma na tambayi ɗan Yaya mai shekara bakwai, wanda kullum yake maƙale da Baba yana wasan mota a wayar. Ko tunani bai yi ba, ya zana mini a ƙasa da tsinke. Washegari na zo da shi cikin kayan makaranta, ya ja yatsa sau ɗaya, waya ta buɗe.

Yanzu ga inda suka yi mini ba daidai ba.

Mai shagon ya fita karɓo sabon sikirin, ya bar yaronsa ya share cikin wayar ya gwada sifika. Yaron, maimakon ya kunna ƙarar kira ko wani abu, sai ya shiga WhatsApp ya danna saƙon da ya fara gani, ya ƙure murya. Ina zaune a bencin waje, janareta na ruri, wani na cinikin caja a kaina, kawai sai na ji gyaran muryar Baba. Wannan ɗan tarin da yake yi kafin ya fara magana. "Assalamu alaikum. Malam, buhun nan goma na masara, ka bar su a rumfa kada a taɓa, in na dawo ma yi magana." Shi ke nan. Daƙiƙa goma sha ɗaya.

Ban san lokacin da na sauka daga bencin na zauna a ƙasa ba. Kukan da Goggo ta hana ni, wanda na hana kaina a gaban Inna don kada in tayar mata da nata, shi ya zo gaba ɗaya a tsakiyar Wunti, gaban masu sayar da gilashin waya. Mutane suka fara taruwa. Daidai nan mai shagon ya dawo. Ya kalli yaron, ya karɓe wayar, ya ce masa "Fita," bai ƙara ko kalma ba. Ya ce wa mutane babu komai, a ba ta wuri. Ya shigar da ni ciki ya ba ni kujerarsa, ya saki ɗan labulen da ke rufe teburin aikinsa, ya aika aka sayo ruwan leda. Bai ce mini Baba ya dace ba. Bai ce in yi haƙuri ba. Ya ce, "Allah ya jiƙan Baba," ya juya mini baya ya ci gaba da kwance wata wayar kamar babu kowa a shagon. Na fi rabin awa a wurin. Ba zan yafe wa shagon sakacin yaron ba, bai kamata a bar ɗan koyo da wayar mamaci ba, kuma na faɗa masa haka. Ya amsa laifin, bai kare yaron ba. Amma kuma tun ranar sallah babu wanda ya ba ni abin da ya ba ni a bayan labulen nan.

Sauran aikin na haƙuri ne. Ya jona wayar da kwamfutarsa ya kwashe hotuna da saƙonnin murya, sai dai saƙonnin in sun fita daga WhatsApp ba sa ɗauke da sunan wanda aka tura wa, kwanan wata ne kawai da lamba. Dole muka zauna ni da Yaya da shi, muna buɗe hira ɗaya bayan ɗaya da abin saƙalawa a kunne, yana rubuta sunan mutum a kan kowane rukuni. Ya ƙi buɗe ko hira ɗaya in babu ɗayanmu a wurin. Da muka iso hirar Baba da matansa ya cire abin kunnen ya miƙa wa Yaya, Yaya ma ya ce a kwashe kawai ba sai an saurara ba.

Maganar bashi ta warware a kwana biyu. Cikin mutum ukun nan, ɗaya gaskiyarsa ce cif. Na biyu ma ashe abin da yake bi ya fi abin da ya faɗa, kunya ta sa ya rage. Na uku da ya ce dubu 600, sai ga muryarsa da kansa mako guda kafin tafiya yana cewa ya ga dubu 400, Allah ya saka da alheri. Da Kawu ya kunna masa ya ce wallahi ya manta, mu ma muka ce mantuwa ce, aka ba shi cikonsa. Sai kuma ga wasu biyu da Baba ke bi, waɗanda suka zo ta'aziyya suka ci nama suka tafi ba su ce uffan ba. Ɗaya ya biya. Ɗayan har yau gobe.

Tawa hirar na bar ta ƙarshe. Lambata "Uwata" ya sa mata. Saƙon ƙarshe a ciki nawa ne, na watan Maris, minti biyu da daƙiƙa goma sha huɗu. A wayata na riga na ga alamar ta koma shuɗiya, na san ya saurara. Babu komai a ƙasansa. Na duba ko akwai wanda ya fara bai tura ba, babu. Mai shagon ya ga ina ta jan sikirin sama da ƙasa, ya ce in duba hotuna, tsofaffi sun fi magana da kyamara.

Hotunan Baba rabinsu yatsansa ne ya rufe. Akwai koren kubba daga nesa a karkace, akwai farantin shinkafa, akwai bidiyon daƙiƙa arba'in a cikin tanti da ba a ganin komai sai rufi, ana jin numfashinsa. Sai wani hoto da ya ɗauka a masauki a Madina: dogayen riguna na mata a shimfiɗe kan gado, kowace da 'yar takarda a kanta da rubutun ajami. Ni ajamina bai wuce na allo ba. Mai shagon ya buɗa hoton da yatsu biyu yana karantowa, wannan Inna, wannan Amarya, wannan matar Yaya. Ya tsaya a kan wata baƙa wuluk marar ado ko ɗaya, ya ce, "Wannan an rubuta Uwata. Wace ce Uwata?" Na ce ni ce.

Jakar Baba ta riga ta iso tun Yuli, takardun sun zube a hanya, an raba tsarabar yadda aka ga dama. Ni aka ba ni wata mai duwatsu a hannu, irin wadda Baba ya san ba na sawa. Baƙar tana wurin 'yar Goggo, na gan ta a jikinta a wani biki. Ban ce ta dawo da ita ba.

Ga lissafin kuɗi ga mai son sani: sikirin 22,000, batir 7,000, filashar da aka zuba hotuna da saƙonnin a ciki 3,000, aikin hannu da zaman kwashe saƙonni 6,000. An ce mini da na zagaya zan samu sikirin ƙasa da haka, kuma wanda ya sa mana ba na asali ba ne, haskensa dishi-dishi ne a rana, bayan wata biyu gefe ɗaya ya fara danna kansa. Na mayar, ya gyara bai karɓi komai ba, amma ya ce ba ya ba da garanti a kan irinsa, abin da ya kamata ya faɗa tun farko. Alkawarinsa ma ba na riƙewa ba ne: ya ce Talata, sai Alhamis muka gama. Rasit sai da na nace ya yago takarda ya rubuta. Wurin zaman mata babu, hayaƙin janareta kuwa in kina da asma ki aika namiji.

Duk da haka, mai wayar mamaci a hannu can zan tura shi. Ya tafi da kwali. Kada ya bari kowa ya yi ta gwada zane a gida, ya fara tambayar yara. Ya cire layin. Ya je da safe kafin goma sha ɗaya, kasuwa ba ta cika ba, ya tafi da abin kunnensa, ya kuma faɗa wa mai shagon tun a bakin ƙofa cewa kada a kunna komai a sifika. Kada ya je shi kaɗai.

Wayar ta koma ƙarƙashin filon Inna, layin yana naɗe a takardarsa cikin adakarta. Filasha ɗaya na wurin Yaya, na sayi wata na kwafa na ajiye a wurina. Na tambayi Inna wanne take so in sa mata a ƙaramar wayarta cikin saƙonnin da Baba ya tura mata, ta ce waɗannan ta riga ta haddace su, in sa mata na masarar. Shi take kunnawa bayan sallar asuba, kafin yara su tashi.